Idon Ƙanena na Hagu

Shekaranjiya maƙwabtanmu suka ɗage hular rumbunsu za su ɗebo hatsin bara, iska ta kwaso warin ta kawo mini har bakin ɗaki. Ku da kuka tashi kuka tarar da hatsi a buhu ba ku san wannan wari ba. Wari ne na ƙaiƙayi da toka da ƙasar da ta daɗe ba ta ga rana ba, da ɗan zarnin ɓera daga ƙasa. Ina riƙe da ludayi, sai na ji furar ta fita raina. Jikata ta ce ko zazzaɓi ne, na ce ta ɗauke ƙwaryar kawai. Ba zazzaɓi ba ne. Ƙanena na tuna, da abin da na yi masa ina da shekara goma sha biyu ko kusa da haka, don a lokacin ba mai rubuta wa mutum ranar haihuwa.

A Filingue muka tashi, zamanin da kumandan na Anasara, wato Turawa, ke mulkin ƙasar, gardinsa, dogaransa ke nan, na yawo da jar hula da bulala. Gidanmu yana gefen gari, inda darni ya ƙare gonaki suka fara. Mu biyar ne: Baba, Inna, kakarmu mahaifiyar Baba wadda kowa ke kira Tsohuwa, ni, sai ƙanena. Tsakanina da shi an haifi biyu duk sun koma, shi ya sa da ya tsaya aka ɗauki son duniya aka ɗora masa. Ni na goya shi tun bayana bai yi ƙwari ba. Da shi nake zuwa rijiya, da shi nake kai abinci gona. In ya tsula mini fitsari a baya in yi ta masifa ina matse zane, shi ko yana ƙyalƙyala dariya.

Wajen yaye aka fara lura da idon. Na dama lafiya lau, yana kallonka sak. Na hagu ne ke zamewa waje, wajen kunne, ya bar ka tsaye. Da farko sai in ya gaji ko rana ta haske shi, ya runtse ya buɗe, ya dawo daidai. Yana shiga shekara ta huɗu sai ya zauna can, ya daina dawowa da kansa. Kowa da nasa bayanin. Wata ta ce Inna ta kalli hawainiya tana da ciki, wata ta ce gefe ɗaya aka riƙa kwantar da shi hasken ƙofa ya ja idon. An sa kwalli, an sha rubutu. Tsohuwa ta rataya masa jan dutsen ado da zare ya sauko tsakanin girarsa, wai idon zai biyo ja ya dawo tsakiya. Dutsen a bakinsa ya ƙare, ido yana nan inda yake.

Yara kuwa ba su san tausayi ba. Harara-garke suke ce masa. Su tsaya gabansa su ce, “Kai, wa kaka kallo, ni ko jakin can?” Damben da na yi a kansa ba ya ƙirguwa. Akwai wadda na tuge wa kitso guda da hannuna, har ta tsufa tana nuna wa mutane wurin. Ina faɗa muku wannan don kada ku ce ba na sonsa. Ina sonsa, kuma ba wanda ya kai ni.

Tsohuwa ta ga shigowar Anasara ƙasarmu ta Kurfey da idonta. In ta zauna gindin darni da la'asar tana kaɗi, ba ta da hira sai wannan. Ta ce tun kafin Anasara, in an hango ƙurar mahara, manya sukan zura yara cikin rumbu su mayar da hula, don mahari ɗaki yake leƙawa, ba ya tsayawa hawan tsani. Da Anasara suka zo suna neman masu ɗaukar kaya, dabarar nan aka koma wa. Ita an sa ta a rumbu da ƙannenta biyu. Wanta ya yi girman da ba a ɓoye shi, aka ɗora masa akwati a ka aka yi wajen gulbi da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. “Duk wanda anka yi gulbi da shi,” in ji ta, “sai dai a yi mishi sadaka.” Ni ina zaune ina cire mata gurya daga auduga, maganar tana shiga jikina ban sani ba. Kuma kowa ya san Yamai, babban birnin ƙasa, bakin gulbi take.

Baba ba haka yake ba. Tsohon soja ne. An ɗauke shi yaƙin Anasara, ya dawo da ɗingishi da dogon tabo a cinya inda likitansu ya tsaga ya ciro ƙarfe. Ban taɓa jin ya yabe su ba, amma wuƙarsu ya yarda da ita. Yakan ce ya ga an buɗe cikin mutum an ɗinke, mutumin ya tashi ya ci tuwo. Ba shi da yawan magana, kuma har zuwa lokacin ban taɓa ganin ya ɗaga hannu a kan yaro ba.

Ƙarshen damina ne, hatsi ya yi kai, ana gasa tumu ko'ina, Inna tana ɗakin jego da sabuwar jaririya. Sai mai shela ya bi unguwa-unguwa yana cewa lokotoron ido, wato likitan ido, ya sauka, duk mai ciwon ido ya hallara gaban likitar gari, asibitinmu ke nan. Yawancin waɗanda suka je tsofaffi ne da gashin ido ya juya musu ciki yana sukarsu. Gidaje da yawa sun kulle yaransu. Baba ya saɓa ƙanena a kafaɗa, ya ce in biyo su da butar ruwa.

Lokotoron Anasara ne, jajawur yake, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya ɗora yaron a gwiwa, ya rufe masa idon dama da tafin hannu. Sai na hagun ya zabura ya dawo tsakiya. Na gani da idona, har na ce “Lah!” da ƙarfi. Ya nuna masa wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli, yaro ya miƙa hannu ya cafke. Ya janye tafinsa, idon ya sake zamewa. Ya yi dogon bayani, wani anfirme mai taimaka masa, Bazabarme mai jin Hausa, ya juya mana. Ya ce idon bai mutu ba, yana gani, amma yaron ya fara daina aiki da shi. Akwai jijiyoyi masu jan ido kamar linzami, ta waje ta fi ƙarfi, a Yamai za a sassauta ta a ɗaure ta ciki. In an yi yanzu, idanun biyu za su koyi tafiya tare. In an bari ya girma, na hagun zai saba da zaman banza. Ya ce kamyo, babbar motar da ta kawo su, zai koma Yamai jibi da hantsi, kuma akwai wuri.

Baba bai iya barin gona hatsi na tsaye tsuntsu na zuba. Inna ba ta fita sai ta yi arba'in. Amma akwai ƙanen Baba da ke aikin lebura a Yamai, anfirmen kuma ya ɗauki alkawarin kai mu hannunsa. Baba ya dube ni ya ce, “Ke za ki tahi da shi. Ke ya sani.”

Tsohuwa ta yi faɗa yini guda. Da yake takan tsokani ƙanena da cewa mijinta ne, irin wasan kaka da jika, sai ta riƙa cewa, “Maigidan nau za ku kai ma wuƙa? In ya dawo da ido guda hwa?” Amma kafin magariba ta saki. Ta ce ɗan Baba ne, ya fi ta sani. Washegari ita da kanta ta karɓo masa laya, ta daka mana gumba ta guzuri ta ƙulle a tsumma. Kun ji, har Tsohuwa ta yarda. Kada wani ya ɗora mata.

Ni ba wanda ya tambaye ni. Na yi shekaru ina gaya wa kaina wai tsoron wuƙa a idonsa nake ji. Ƙarya nake. Kaina nake ji wa tsoro. Ni ce za a ɗora a bayan kamyo a yi gulbi da ni, cikin mutanen da ba na jin bakinsu, kuma a raina na riga na gama cewa ba zan dawo ba.

Ranar tafiya Baba ya ce zai leƙa gona, in yi wa yaron wanka in sa masa farar rigarsa, in rana ta hau kan darni in kai shi gaban likita, can zai same mu. Tsohuwa ta shige bayan ɗaki tana taya Inna wankan jego. Tsakar gida ba kowa sai kaji. Na yi masa wanka, na shafa masa mai, na sa masa rigar. Ina ɗaura masa layar sai na ji ƙugin kamyo daga cikin gari, ana tayar da shi.

Rumbunmu biyu. Ƙaramin na Tsohuwa ne, sauran dammunan bara ne a ciki, bai kai rabi ba. Na goya shi, na hau tsani, na ture hular gefe, na kama hannuwansa na zura shi ciki a hankali har ƙafarsa ta taka hatsi. Na jefa masa tumu biyu. Na ce, “Ɓuya za mu yi. In ka ji ana kiranka kada ka amsa, ko ni ce.” Ya ɗago kai yana dariya, ido ɗaya a kaina, ɗaya a jikin rumbu. Na mayar da hular na bar ɗan tsaga don iska.

Sannan na sauko na ƙwalla ihu na ce ban gan shi ba.

Ban san ina da wannan baƙin wayo ba sai ranar. Na ce na shiga ɗauko guzuri, na fito na hango shi yana bin awaki wajen tafki. Kafin ka ce me unguwa ta watse. Inna ta fito da jiƙaƙƙen zane, mai jegon da ko ƙofar gida ba a bari ta taka, tana kiran sunansa har muryarta ta dishe. Maza suka shiga tafki har ƙirji suna laluben ƙasa da ƙafa. Baba ya taho daga gona da gudu, da ɗingishinsa. Ni kuwa ina gaba-gaba, na fi kowa kuka, na fi kowa kira. Na ga inda ƙarangiya ta nuna, na bar hanya na kutsa cikinta da gangan, don a ga na wahala. Duk kiran nan yana jinsa daga cikin rumbu, bai amsa ba, don ni na ce kada ya amsa.

Sau biyu gardi yana zuwa cewa kamyo na jira. Daga baya muka ji anfirmen ne ya yi ta roƙon direba har rana ta take tsaka. Ina cikin daji na ji an busa ƙaho sau uku, ƙugin ya yi nisa, ya ɓace. Wallahi daɗi na ji. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Sai a lokacin na tuna da zafin da ke cikin rumbu da tsakar rana.

Na zaga ta bayan darni na shiga gida, ba kowa, duk suna wajen nema. Na same shi kwance a kan dammuna, ya jiƙe da gumi, farar rigar ta koma ruwan ƙasa, tumu ɗaya na hannunsa. Na girgiza shi sau uku kafin ya buɗe ido. Da ƙyar na jawo shi. Na ɗura masa ruwa, na fita da shi ta inda na shigo, na zagayo ta hanyar gona ina ihu, “Ga shi! Ga shi!” Na ce gindin wata aduwa na same shi yana barci.

Baba ya durƙusa gabansa, laka har gwiwa. Ya ce, “Ina ka tahi?”

Ya ce, “Na ɓuya.”

“Ka ji ana kiranka?”

“Na ji.”

Mari ɗaya ya yi masa. Ɗaya tak, amma sai da yaron ya zauna. Bai yi kuka nan take ba, ni ya juyo yana kallo, yana jira in ce wasa muke. Na sunkuyar da kai. Sannan Baba ya zaunar da ni a kan turmi, ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya riƙa cire mini ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, yana cewa, “Sannu, ɗiyata. Kin wahala.” Da ya zane ni da bulala a ranar, da tuni na manta.

Da yamma Tsohuwa ta ja ƙanena jikinta tana lallashi. Tana shafa kansa sai hannunta ya tsaya. Ta tsinto wani abu daga gashinsa ta duba, ƙaiƙayin tsohon hatsi ne, kuma ba a samun shi gindin aduwa. Ta ɗaga kai ta kalli rumbunta, ta kalle ni. Ta kakkaɓe masa kai tsaf, ta hura tafinta. Har ta rasu ba ta ce mini komai ba, amma ba ta sake ba da labarin wanta ina wurin ba.

Bayan an gama yankan hatsi Baba ya je ya tambaya, aka ce lokotoron nan ya koma ƙasarsu, sai an ji zuwan wani. Shekarar da ta biyo damina ba ta yi kyau ba, kowa ta cikinsa yake. Wata shekarar ta zo ta wuce. Baba ya kwanta ciwo ya rasu ƙanena bai kai shekara goma ba. Ƙanena kuwa ranar ta goge masa sarai, abin da ya sani shi ne abin da ake faɗa a gida, kuma abin da ake faɗa shi ne nawa. Labarin ya zama abin dariya. Duk baƙon da ya tambayi idon sai a ce, “Ai shi ya gudu ranar da motar likita ta zo.” Shi ma ya karɓa, yana ba da shi da bakinsa, har yana ƙara masa gishiri.

Ya tashi da son mota kamar ransa. Tun yana saurayi ya zama aparanti, wato yaron mota, a manyan motocin da ke zuwa Yamai da Sanam. Ya iya tuƙi, ya iya gyara, direbobi da kansu sukan ce kunnensa ya fi na makanike. Sau biyu yana zuwa neman permi, takardar izinin tuƙi, sau biyu ana rufe masa idon dama a ce ya karanta allo, ya ce shi hazo kawai yake gani. Yaran da ya koya wa riƙe sitiyari suka zama direbobi, shi yana bayan mota yana ɗaure kaya har furfura ta fito masa. Daga baya ya koma zaman tasha yana tsara lodi. Yarinyar da ya fara nema ta ce ba ta san lokacin da yake kallonta ba. Ya samu wata, mutuniyar kirki, suka haihu. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. In abu ya zo ta hagunsa sai ya juya kansa duka, in an tsorata shi ya yi dariya ya ce laifinsa ne.

Ya haura arba'in lokacin da babban ɗansa, da ya zama malamin lakkwal, makarantar boko, ya matsa sai an kai shi Yamai an duba idon. Aka ce ana son mai jinya. Ya ce ba wanda zai zauna masa sai Yaya. Ranar na fara ganin gulbin nan da idona. Ruwa ne kawai, mata na wanki a bakinsa.

Lokotoron yanzu ɗan ƙasa ne, matashi, yana Hausa. Ya rufe masa idon dama ya ɗaga yatsu, ƙanena ya ce yana ganin motsi amma ba zai ce nawa ba ne. Lokotoron ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce miƙe ido a babba ba wuya ba ne, sau da yawa ma na babba ya fi zama wuri ɗaya, don na yaro yakan sake zamewa har a koma masa aiki. Amma gani, in ji shi, da ƙuruciya ake koyonsa. Idon da aka bari bai yi aiki ba tun yana ƙarami, yanzu ko an miƙe shi fuska kawai za ta gyaru. Sai ya ce, “Baba, me ya hana a kawo ka kana yaro?”

Ƙanena ya tuntsire da dariya. Ya ce, “Ni na gudu, lokotoro! Mota na jira, na tahi na ɓuya. Ga yayata nan, tambaye ta wahalad da ta sha.”

Lokotoron ya dube ni yana murmushi. Na ce, “Ƙuruciya ce.” Abin da na ce ke nan. Tir da ni.

Aka yi aikin. Kwana biyu idon ya yi ja kamar gauta, yana zubar da ruwa, ni ke goge masa. Da kumburin ya sauka ya zauna bakin gado ya dube ni, idanu biyu a kaina, karo na farko tun yana goye. Sai na ga Baba. Ashe duk shekarun nan fuskar Baba ce da shi, idon ne ya hana mu gani. Na fita waje na yi kuka, aka ɗauka na murna ne. Shi ko murna ya yi ta gaske. Ya sayi madubi, ya je aka ɗauke shi hoto da sabuwar hula. Da muka koma gida mutanen tasha suka yi ta tsokanarsa wai yanzu ba a san ta inda za a zaga a cuce shi ba. Idon bai sake zamewa ba har ƙarshen ransa. Amma in ka miƙa masa goro ta hagu, hannunka zai gaji bai gani ba.

Shekaru bayan nan ɗiyar ƙanena ta haifi yaro, wajen yaye idonsa na hagu ya fara zamewa. Uwar ta ce a bari ya ƙara girma, uban ya ce a bari a ga bayan damina. Na tashi na tafi gidan na zauna, na ce ba inda za ni sai an ɗauki yaron nan. Na yi musu rashin mutuncin da ban taɓa yi wa kowa ba. Da kaina na riƙe shi a mota har Yamai. An yi masa aiki, an riƙa rufe masa idon mai kyau da ƙyalle don ragon ya yi aiki, yana kuka yana fizgewa ina mayarwa. Bayan shekara biyu idon ya sake zamewa kaɗan, aka sake masa aikin, kamar yadda lokotoro ya faɗa. Yanzu ya zama saurayi, ko wane ido ka rufe masa zai karanta maka takarda da ɗayan. Mutane suna cewa tsohuwar nan akwai hangen nesa. In sun faɗa sai in sauya magana.

Na so in gaya wa ƙanena. Allah ne shaidata, na so. Na sha zuwa gidansa da maganar a bakina, in tarar da shi yana raha, in ce ba yau ba. In ya yi rashin lafiya in ce kada in ƙara masa. In ya warke in ce ai ya wuce. Haka na yi ta ɗagawa har ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Ran nan bayan azahar ya sa aka kira ni. Kun san yadda ake yi, mai jin tafiya ta matso yakan nemi gafarar mutanensa ɗaya-ɗaya. Ya gama da matarsa da 'ya'yansa, duk suna zaune a ɗakin. Na zauna ta damansa don ya gan ni. Na ce a raina yau kam zan faɗa, ko da kowa zai ji. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna.

Ya ce, “Yaya, ke kika goya ni. Tun ina yaro nike ba ki wahala. Ranan nan da na gudu, na sa ki kuka, na sa Baba baƙin ciki har ya mutu da shi. Ban taɓa roƙonki ba. Ki yahe mini.”

Kowa na jiran amsata. Matarsa tana share hawaye. Kalma biyar ko shida kawai ake bukata, in ce ni na sa ka a rumbu. Na dubi 'ya'yansa da suke ɗaukata uwa, na dubi fuskar Baba a kan matashin kai.

Na ce, “Na yahe maka.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya saki hannuna. Kafin la'asar ta washegari an kai shi.

Yanzu kwalta ta zo har gari, mota takan tashi da safe ta kai ka Yamai kafin azahar, kuma ba uwar da ke ɓoye ɗanta don likita ya zo. In na ga yaro mai irin idon nan a kasuwa nakan tare uwarsa in ce ta kai shi tun yana ƙarami, wasu su yi godiya, wasu su ce ina ruwana. Shekaru sun ja mini, duk waɗanda suka shiga tafki a ranar sun riga ni. Kullum bayan salla ina roƙa masa gafarar Allah. Tasa gafarar kuwa ban da ita, don ban roƙa ba. Ya tafi yana ganin shi ya yi mini laifi, kuma ni na amsa masa cewa haka ne.